Tsarabar Inna daga Maƙerar Bature

Shekarun baya, lokacin ina gyaran motoci a wani gareji a Bronx, na taɓa yin wani yini wanda har yau ban manta da shi ba. Ba ɓarayi ne suka tare ni ba, ba kuma haɗari na yi ba. Mahaifiyata ce za ta koma gida da yamma, ni kuma na gano da hantsi cewa tana ɗauke da abin da zai sa a tsare ta a filin jirgi.

Sai na fara gaya muku yadda nake da ita, in ba haka ba za ku ce ai abin mai sauƙi ne, mutum ya tambayi uwarsa mana. Ni ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta zama da ni mu biyu a ɗaki, in kuma tana da magana da ni sai ta nemi wanda za ta bi ta kansa. Da ina yaro ƙanwata ce 'yar aike, da na yi aure matata ta gaji aikin. Ga ni da furfura a gemu da 'ya'ya uku, amma a wurin Inna sunana “wannan”, ranar da take cikin nishaɗi kuma “maigidan naki”. Ta zo mana unguwarmu Tremont ne da matata ta haifi autarmu. Ta yi watanni a ɗan gidanmu na hawa na huɗu, inda in mutum biyu suka haɗu a lungu sai ɗaya ya manne da bango, amma duk da haka ta san yadda ta yi ba mu taɓa haɗa ido ba.

Inna 'yar maƙera ce. Mahaifinta fartanya da lauje da wuƙa yake ƙerawa, amma abin da ya yi suna a kai shi ne bindigar toka ta maharba. Ni ɗan mace ne, babana kuma ɗan kasuwa ne da ya rantse sai na yi boko, don haka rabona da maƙerar bai wuce tsayuwa a bakin ƙofa ba, ina kallon 'ya'yan kawuna suna zuga wuta ina haɗiyar yawu. Abu ɗaya da na riƙe daga wancan lokacin shi ne, duk yaron da ya ƙera abinsa na fari, ko da karkatacciyar wuƙa ce da ba za ta yanka kuɓewa ba, ba a sayarwa, ba a yarwa. Ɗauka ake a kai wa babban gida, ya jujjuya ta a hannu, ya faɗi aibinta, ya tofa mata albarka. Daga ranar yaro ya zama maƙeri. Ni dai ba a taɓa kai nawa ba, don ko allura ban taɓa ƙerawa ba.

To a garejin nan na haɗu da abokina, wani dattijon Bature mai ƙaton ciki da ƙananan idanu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Da ya yi ritaya sai ya koma wani ƙauye a Pennsylvania, cikin itatuwa, inda maƙwabcinka na kusa sai ka tuƙa mota kafin ka yi masa sallama. Shi abin da ya ɗauke masa hankali a duniya bindigar farauta ce. Ba ya sayen harsashi a kanti. Kwanson harsashin da aka riga aka harba yake tarawa, ya wanke su har su yi ƙyalli kamar zoben amarya, ya auna albarushi a wani ɗan sikeli yana riƙe numfashi kamar mai sayar da zinariya, sannan ya matse kan harsashin da wata na'ura mai hannu. Bindigogin ma shi yake haɗa su. Ƙarfen sayensa yake yi da takardunsa, ƙotar kuwa shi yake sassaƙawa daga wani itace mai duhu. Duk wannan wahalar don ya je ya huda takarda daga nesa ne, ya dawo yana murna, sai kuma barewa ɗaya a shekara in Allah ya ba shi sa'a.

Ya taɓa ganina a lokacin cin abinci ina zana wani guntun katako da wuƙa, irin zanen da ake yi wa ƙwarya a wajenmu, shi ne ya gayyace ni. Tun daga ranar na zama mai zana masa ƙota. Duk bayan 'yan makonni zan kama hanya, mu yini a ɗakin aikinsa, shi yana awo ni ina sassaƙa, ba ma cewa juna komai. Warin ƙarfe da mai da ƙurar itace na wurin yana mayar da ni bakin ƙofar kakana. Amma yana da doka guda wadda ba ya wasa da ita: ko kwanson banza ba ya bin mutum ya shiga New York. Birnin nan dokarsa a kan bindiga da harsashi mai tsauri ce, ni kuma ba ni da lasisi. Ko bai faɗa ba na sani. Mutum mai irin sunana da irin gemuna a waɗancan shekarun da ake yi wa Musulmi kallon zargi, ko a tashar jirgin ƙasa aka ce za a duba jakarsa sai gabansa ya faɗi, alhali babu komai a ciki sai burodi da safa. Kafin in bar gidansa har aljihuna nake juyewa.

Ana saura mako guda Inna ta tafi, abokina da matarsa suka ce lallai in kawo ta su gaisa. Muka ɗunguma har da yara. Bayan an ci an sha, ya ce zai nuna mata ɗakin aiki. Na ɗauka za ta ce gwiwarta na ciwo, sai na ga ta miƙe. Ta shiga, ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta shaƙi iska. Aka ba ta kujera kusa da ƙofa. Shi kuma don ya burge baƙuwa, sai ya ce yau ni zan ɗura harsashi da hannuna, abin da bai taɓa barina na yi ba. Ya tsaya a kaina yana lura da kowane motsi, har na gama 'yan kaɗan. Ya jera su a wani ɗan tire na katako mai ramuka, ya ware shi gefe, ya ce na ɗan koyo ba ya haɗa su da nasa sai ya sake dubawa. Sannan ya ce wa matata ta fassara wa Inna cewa yau ne karon farko da ɗanta ya yi wannan aiki, kuma hannunsa mai kyau ne. Matata ta fassara. Inna ta ce, “To,” tana kallon ƙasa. Da muka fita yin la'asar a kan ciyawa, ta ce mu je, ita a zaune za ta yi tata a nan inda babu sanyi.

Ranar tafiya ta zo. Duk wanda ya taɓa raka matafiyi daga Bronx ya san yadda gida yake zama. Tun da safe mutane ke hawowa da saƙo, wannan takalmi za a kai wa ƙaninsa, waccan man shafawa za a kai wa uwarta, kowa yana rantsuwa nasa ba shi da nauyi. An riga an ɗaure manyan akwatuna biyu da igiya, an naɗe su da leda. Ina tsaka da zuba wa baƙi shayi wayata ta yi ƙara, na ga abokina ne. Na ɗauka sallama zai yi wa Inna, har na fara murmushi.

Ya ce, “Kai kaɗai ne? Nemi inda babu mutane.”

Na fita na tsaya a matakalar bene. Ya ce yanzun nan ya shiga ɗakin aiki don ya duba harsasan da na ɗura, ya tarar ramuka uku a tiren babu komai. Ya share ƙasa, ya ja tebur, ya zazzage kwandon shara, babu su babu alamarsu. Ya ce yara ba su taka ɗakin ba, shi da kansa ya hana. Duka mun san wanda aka bari shi kaɗai a ciki.

“Ba zargin kowa nake ba,” ya ce a hankali. “Amma ba kwanson banza ba ne, ɗurarru ne. Kada ka bari ta doshi filin jirgi da su. Na shiga mota, ga ni nan zuwa.”

Na zauna a kan matakala. Nan take na hango komai kamar a gabana ake yi. Na ga Inna a layin bincike da mayafinta, na'ura ta yi ƙara, an kewaye ta. Na ga an ja ta zuwa wani ɗaki da ba za a bar ni in shiga ba, ana yi mata tambaya da Turancin da ba ta jin ko “zo” a ciki, ita da hawan jini, ita da ko likita namiji ba ta yarda ya taɓa ta. Tsohuwa Musulma daga Najeriya da harsashi uku za ta hau jirgi. Wane bayani za ka yi wanda wani zai tsaya ya saurara? Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba tunda na shigo ƙasar nan.

Na koma ciki na ja matata kicin na rufe ƙofa. Da ta ji, ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta ce, “To me kake jira? Je ka tambaye ta mana.”

Na ce, “Ni? In tsaya a gaban Inna in ce ta ɗauki abin mutane? Ke dai da kuke hira, ki tambaye ta.”

Ta ce, “Iye! Surukar tawa zan kalla in ce mata fito da abin da kika ɗauko? So kake ta sauka Kano da labarina? Wallahi ba da ni ba.”

Muka tsaya muna kallon juna, shinkafa na ƙonewa a tukunya. Can ta ce, “Kilo. Ka ce akwatunan sun yi overweight, sun wuce nauyin da jirgi ya yarda, dole a kwance a sake shiri.”

Haka na fito da sikelin banɗaki, na ɗora akwati, na kalli lambar na girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa, alhali ko ganin lambar ban yi ba. Na sa wuƙa na yanke ledar da na ɓata safiya ina naɗawa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Ghana da ta kawo saƙo ta tafa hannu ta ce, “Ei, Alhaji! Kana so ka kashe tsohuwa da wahala? Small kilo, biya su kawai!” Na ce mata dokar ta canza. Ban san wace doka ba, amma na faɗa da ƙarfi.

Na zube kayan Inna a tsakar ɗaki, abin da ban taɓa tsammanin zan yi ba a rayuwata. Sabulai, zannuwa, takalman jikoki, fitilar hannu, ga kuma tarin kwalabe da robobin da muka yar ita ta bi ta tsince ta wanke, don a ganinta mutanen ƙasar nan ba su san darajar abu mai murfi ba. Kowace kwalba sai na girgiza ta a kunne. Kowane takalmi sai na zura hannu har ƙarshe. Na ɗauko wani gwangwanin madara na ji ƙarfe na kaɗawa a ciki. Na juya baya na buɗe, ashe maɓallai ne da fil. Baƙi suka fara kallona suna kallon juna. Inna na zaune a kan kujera tana jan carbi, fuskarta a bango. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce wa matata, “Ki ce wa wannan ya bar min kwalabena, iska ce a ciki, ba su da nauyi.”

Akwati biyu kaf, babu. Matata ta yi dabara ta ce za ta duba ko fasfo da tikiti na nan, ta karɓi jakar hannun Inna ta shiga ɗaki, ta fito tana girgiza min kai. Sai wani sanyi ya fara shigata. Na ce a raina wataƙila dattijon nan tsufa ya fara taɓa shi. Na kira shi yana kan hanya, na ce anya bai yi kuskuren lissafi ba? Ya ce, “Ka taɓa ganin na yi kuskure a wannan tebur?” Ban taɓa gani ba. Mutumin da ke auna albarushi yana riƙe numfashi ba zai rasa sanin rami uku ba.

Aka yi azahar. Na idar ina zaune a bakin ƙofa, zuciyata na lissafin ƙaryar da zan yi: in ce mota ta lalace, ko in ce an soke jirgi, ko in faɗi ƙasa in ce cikina. Inna ta shafa addu'a ta yunƙura za ta tashi daga kan darduma. Da ta miƙe sai na ga ta kai hannu ƙugunta ta dafe, na kuma ji wani ɗan sauti siriri, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Sautin nan na san shi, na sha jinsa a tebur ɗin abokina. A lalita suke, jakar nan ta ƙyalle da tsofaffinmu ke ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin zane. Na yi ta tonon akwati a banza, abin yana jikinta tun safe, a wurin da babu ɗan da ya isa ya ko ambata.

Motar da za ta kai mu ta iso, direba yana ta danna oda a ƙasa. Maza suka kinkimi akwatunan da na sake ɗaurewa a karkace, mata suka bi su da yara ana ta Allah ya kiyaye hanya. Matata ta tsaya a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, ta kalle ni, na kalle ta, sai ta fita ta ja ƙofar. Karon farko ke nan tun ina yaro da na rage daga ni sai Inna a ɗaki. Na je na tsuguna a gabanta.

Na ce, “Inna.”

Ta gyara mayafi tana kallon taga. “Ina matar taka?”

“Ta sauka. Da ke nake son magana, Inna.”

Na sunkuyar da kai na fara kame-kame, na ce Baturen nan ya kira, wai wasu 'yan abubuwa sun ɓace masa, ƙanana ne masu ƙyalli, mutum zai iya ɗauka kwalbar kwalli ce bai san mene ne ba.

Ta katse ni. “Kwalbar kwalli? A warin albarushi aka haife ni. Tun ban kai tsayin turmi ba nake miƙa wa Baba dalma. Na san abin da na ɗauka.” Muryarta ba ta ko girgiza ba. “Kuma ban taɓa na Bature ba. Nasa suna can jere kamar haƙora, ban kalle su ba. Wanda aka ware gefe na ɗiba.”

Ta ci gaba, har yanzu taga take yi wa magana.

“Kawunka ido ya tafi. 'Ya'yansa wannan yana acaɓa, wancan yana sayar da waya. An rufe maƙera, awaki ke kwana a ciki. Duk zuwan da zan yi sai ya ce min wuta ta mutu a gidan Baba. Sai na zo ƙarshen duniya na tarar da ita a hannun da ba a taɓa bari ya riƙe masabar ƙira ba.” Ta ja carbinta. “Aikin fari ba a barinsa babu albarka. Kai masa zan yi.”

Jama'a, ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Shekara da shekaru ina zaton matar nan ba ta ma san ina tsayawa a bakin ƙofar maƙera ba. Amma oda na ta ƙara a ƙasa, kuma abin yana nan a ƙugunta. Na share fuska na yi mata bayanin na'urar filin jirgi, wadda ke ganin ƙarfe ko a ƙarƙashin zane goma yake. Na ce za su tsare ta, za su kai ta ɗakin da ba zan iya shiga ba, jirgi zai tashi ya bar ta.

Ta ce, “Tsohuwa kamata me za su yi da ni? Na shiga jirgi na je Makka na dawo, babu wanda ya taɓa min lalita. In sun tambaya in ce tsaraba ce.”

Nan na ga da gaske take, tafiya za ta yi da su. Tsoron da nake ji ya ninku, don na san Inna, in ta ɗaure abu ta ɗaure ke nan. Ban san daga inda maganar ta fito ba, na ji kawai na ce, “Inna, in sun same su za su tambayi wanda ya yi. Ni na yi. Ba ni da takardar riƙe su a garin nan. Daga ke sai su zo kaina, su ɗauke ni a gaban yaran nan.”

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta juyo, ta kalle ni a fuska, kallo sosai, irin wanda ban taɓa samu daga gare ta ba. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, na dai san ni na fara sunkuyar da kai.

Ta ce, “Juya baya.”

Na juya na fuskanci bango kamar ɗalibin da aka hukunta. Na ji motsin zane, na ji ana kwance ƙulli. Da ta ce in juyo, ga su a kan darduma, a naɗe cikin wani farin hankici, ta ƙulle bakin da kyau kamar goron biki. Ta miƙe ta ɗauki jakarta, fuskarta babu walwala ko kaɗan, ta ce wa ƙofa, “Shi ke nan. Sai in je masa hannu rabbana.”

Maganar ta soke ni. Na ce ta ɗan jira. Na shiga ɗaki na jawo akwatin kayan aikina daga ƙarƙashin gado, na lalubo guntun katakon nan da nake zanawa a gareji ranar da abokina ya fara ganina, wanda daga kansa komai ya fara. Bai fi tafin hannu ba, zanen ma a karkace yake ta gefe guda. Na kawo na ajiye a kan hannun kujera, don ban isa in miƙa mata hannu da hannu ba. Na ce wannan ya riga harsasan, shi ne na fari na gaskiya, kuma babu na'urar da za ta yi ƙara a kansa. Ta ɗauka, ta shafa zanen da babban yatsa. Ta sake cewa in juya baya. A lalita ta sa shi.

Muna saukowa abokina yana faka tsohuwar motarsa, ya yi jajir, rigarsa ta jiƙe. Na miƙa masa hankicin a ɓoye kamar masu cinikin haram, ya buɗe ya gani, ya rufe ido ya sauke numfashi, ya kulle su a wani ƙaramin akwatin ƙarfe. Inna ta ce wa matata ta ba shi haƙuri, ta ce masa kuma ɗakin aikinsa yana da tsabta, amma yana bukatar taga. Ni kuma na gaya masa dalilin ɗaukar. Dattijon nan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya tsaya a gefen titi har motarmu ta sha kwana.

A filin jirgi na tsaya a bayan igiya ina leƙe, ina tunanin ko akwai na huɗu da abokina bai lura ba. Na ga ta cire takalmi, ta shiga na'urar, ta fito. Babu ƙara, babu wanda ya ko ɗaga kai. Ta sa takalminta ta wuce ba ta waiwayo ba, kamar yadda na san ba za ta waiwayo ba. Na nemi kujera na zauna, sai a lokacin na tuna ban sa komai a cikina ba tun shayin safe.

Bayan 'yan makonni ƙanwata ta aiko min da saƙon murya. Ta ce Inna ta kai wa Kawu katakon, ya daɗe yana bin zanen da yatsa, sannan ya ce wuƙar ta zurfafa da yawa ta hagu, a gaya wa yaron ya rage gaggawa. Ya tofa masa albarka ya sa a aljihun gaba. Na saurari saƙon nan a gareji, a ƙarƙashin wata mota, na daɗe ban fito ba.

Har yau in na raka wani filin jirgi sai na tambaye shi abin da ke aljihunsa, har ana yi min dariya ana cewa na zama jami'in kwastan. Harsasan uku suna nan a kan kantar abokina, ya ƙi harba su, ya ƙi kwance su. Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne, na yi shekara arba'in da wani abu ina ɗaukar shirun Inna a matsayin rashin lura, ashe babu abin da ya taɓa wuce ta. Kada ku yi zaton mun zama abokan hira daga ranar. Ko kusa. Tana sauka gida na koma “wannan”. In na kira waya, muna gama gaisuwa za ta ce a ba ta matata. Ni kuma in tsaya a gefe ina kasa kunne, don na san bayan ta tambayi yara da sanyi da ciwon baya, kafin ta ajiye sai ta ce, “Ki tambaye shi, ya je maƙera kuwa wannan satin?”